Alhassan Ɗantata: Falken da ya sauya hanyar goro, ya riga kowa isa wurin manomi

Matafiyin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Jega a yau zai ratsa ta Tambuwal a kan kwalta, ya ga tirelolin hatsi da na albasa suna wucewa, ba lallai ne ya san cewa ƙasar da yake takawa ta taɓa zama bakin ɗaya daga cikin manyan hanyoyin fatauci na Afirka ta Yamma ba. A ƙarni na 19 Jega kasuwa ce da sunanta ya kai har Gwanja. Gummi kuwa, wadda ke maƙwabtaka da Kebbe ta gabas, ita ce cibiyar Kambarin Barebari, fataken da suka shahara da safarar goro. Ta wannan sashe ayari kan bi da jakuna da 'yan alaro, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya doshi Salaga.

Mutumin da ya fi kowa suna cikin waɗanda suka juya wa wannan hanya baya bai fito daga Tambuwal ko Kebbe ba. Mutumin Bebeji ne ta ƙasar Kano, sunansa Alhassan Ɗantata. A hanyar Gwanja ya buɗe ido, a kanta ya koyi ciniki, amma da ya lura cewa jirgin ruwa da jirgin ƙasa za su karɓe mata kasuwa, sai ya bi su tun kafin yawancin abokan sana'arsa su farga. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Bai bar littafin koyar da kasuwanci ba. Abin da ya koya wa ɗimbin ƙananan 'yan kasuwar da suka tashi a hannunsa, da aiki ya koya musu, kuma a cikin tarihinsa ake karanta shi.

Maraya a hannun Tata

An haifi Alhassan a Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne rukuni uku da suka riƙe fataucin goro a daular Sakkwato. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, wato jagoran ayari, mai yanke shawarar ranar tashi da wurin yada zango, mai sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta.

Abdullahi ya rasu wajen 1885, Alhassan bai kai shekara goma ba. Amarya ta koma Akra, wadda Hausawan lokacin ke kira Ankara, inda take da harkokinta, ta bar 'ya'yanta a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Daga sunan wannan baiwa aka samo laƙabin da ya bi shi har kabari, ya kuma bi 'ya'yansa da jikokinsa. Attajirin da ya fi kowa a zamaninsa da sunan baiwa duniya ta san shi, ba da sunan madugun da ya haife shi ba.

Ya shiga makarantar allo kamar sauran yara, yana kuma 'yan ƙananan saye da sayarwa don ya rufa wa kansa asiri, domin gadon da ya samu bai daɗe ba. Masu ba da tarihin gidan sun ruwaito cewa Tata ce ta saba masa da asusu, wato 'yar tukunyar yumɓu mai tsaga da ake zura kuɗi ba a iya cirowa sai an fasa ta. A lokacin kuɗin wuri ne. Darasin da ke cikin asusun ƙarami ne a ido, amma a kansa komai ya ginu: abin da aka samu yau ba duka ake ci yau ba, kuma uwar kuɗi daban take da riba. Duk mai tireda ko mai teburin kayan miya da ya taɓa wayar gari ya ga ya cinye jarinsa a cefane ya san nauyin wannan magana.

Tafiyar Gwanja da yaƙin Basasa

Yana ɗan shekara goma sha biyar ko kusa da haka ya bi ayari zuwa Gwanja, ya zarce har Akra wurin mahaifiyarsa. Tafiya ce ta watanni, da ƙafa, cikin daji mai 'yan fashi da koguna marasa gada. A nan ya ga yadda sana'ar take ciki da waje. Daga ƙasar Hausa ana ɗaukar kanwa, da rinannun tufafi na Kano, da kayan fata, da dabbobi. Daga kurmin Asante ana dawowa da goro, a ƙulle cikin huhu da ɗanyen ganye. Goro kaya ne mai rai. Sai an riƙa kwance shi a hanya ana yayyafa masa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama don kada ya ɓata sauran. Falken da ya yi sakaci da huhunsa kwana kaɗan zai isa kasuwa da asara a kan jakinsa.

Ya kuma ga cewa babu falken da ke cin kasuwar baƙon gari shi kaɗai. A kowane zango akwai fatoma mai saukar da baƙi, mai ajiye musu kaya, mai tsaya musu idan an sayar bashi, akwai kuma dillali da ya san wanda ke da kuɗi da wanda ke da baki kawai. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wannan ilimi na sanin mutane shi ne jarin da ya fi amfanar Alhassan daga baya.

Bai daɗe da komowa Bebeji ba sai ƙasar Kano ta kama da wuta. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita Takai suka ja daga. Wannan shi ne yaƙin Basasa, wanda ya ƙare da nasarar Aliyu Babba da kashe Tukur a 1895. Bebeji na cikin garuruwan da abin ya rutsa da su. An kama Alhassan da 'yan uwansa, sai da aka biya fansa suka kuɓuta. Ya fito daga wannan masifa bai cika shekara ashirin ba, ya sake soma ciniki daga tushe.

Hanyar teku

A daidai wannan lokaci tsohuwar hanyar ma tana rawa. Tun da Ingilishi suka ƙona Kumasi a 1874 ikon Asante a kan kasuwannin arewacinta ya yi rauni. A 1892 yaƙin cikin gida ya tarwatsa Salaga, fatake suka watsu zuwa Karaci da Kintampo da wasu garuruwa. A 1903 Turawa suka ci Kano da Sakkwato, suka kuma ɗora harajinsu a kan ayari. Sabbin iyakoki na Ingila da Faransa da Jamus suka yanyanka hanyar da a da ake bi da yardar sarakuna kawai.

Fatake da yawa suka ci gaba da bin sawun iyayensu, domin ita suka sani. Alhassan kuwa ya riga ya ga bakin teku tun yana yaro, ya ga jiragen ruwa masu tururi suna zirga-zirga tsakanin tashoshi. Wajen 1906 ya soma ɗora goronsa a jirgi daga Akra da Sakandi zuwa Ikko, daga nan ya yi arewa da shi. Yana cikin Hausawan farko da suka yi haka. Abin da jaki ke kwashe watanni yana ɗauka, jirgi na kai shi cikin kwanaki. Goron na isa da ɗanyantakarsa, asara ta ragu, kuma kuɗin da a da ke juyawa sau ɗaya a shekara ya koma juyawa sau da yawa. A Ikko yana sayen duwatsun ado da tsakiya da yadin Turawa, ya kai su kasuwannin da ake nemansu, don kada ya yi tafiya ko ɗaya hannu rabbana.

Da dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912, sai lissafin ya kammala. Goron da ya sauka Ikko yana iya shiga Kano cikin 'yan kwanaki. Wannan ci gaba yana da waɗanda suka biya kuɗinsa. Sannu a hankali ayarin da ke ratsa Gummi da Jega ya ragu, masu masauki da masu sayar da abinci da harawa a zangunan kudancin Sakkwato suka rasa baƙin da suke ci da su. Reshen dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, bai ƙarasa Sakkwato ba. Garuruwan ba su matsa daga inda suke ba, kasuwa ce ta sauya hanya ta bar su.

Gyaɗa ta kayar da auduga

Turawan da suka shimfiɗa dogon auduga suke hange. Masaƙun Ingila na buƙatarta, kuma an ɗauka ƙasar Kano za ta cika musu jirage. Manomi ya yi nasa lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Bature, gyaɗa kuwa tana yin kyau a jigawa, ba ta gajiyar da ƙasa, kuma in kasuwa ta ƙi, ana iya cin ta a gida ko a matse mai a yi ƙuliƙuli. A Turai kuma masana'antun sabulu da na man shafa wa burodi sun buɗe baki suna neman man gyaɗa. A kakar 1912 gyaɗa ta malalo Kano har ta fi ƙarfin jirgin, buhuna suka taru a fili suna jiran tarago.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, amma ba su san ƙauye ba, ba su jin harshen manomi, ba su san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Dole suka nemi fataken goro, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, waɗanda suka riga suka mallaki yara da amintattu a garuruwa. Alhassan ya dawo Kano da zama a cikin waɗannan shekaru, ya kafa gida a unguwar Sarari. A 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Bayan da kamfanin ya narke cikin UAC a 1929, shi ne ya zama babban mai kawo musu kaya a Arewa.

Yadda ya yi cinikinsa

A nan ne ƙaramin ɗan kasuwa zai fi tsayawa ya duba, domin hanyar da Ɗantata ya bi ba asiri ba ce. Bai zauna a Kano yana jiran manomi ya kawo masa kaya bakin sikeli ba. Kuɗin da kamfani ya ba shi kafin kaka, shi ma rarraba su yake yi ga wakilansa, su kuma su ba nasu yaran, har abin ya isa ƙauyen da mota ba ta zuwa. Fataken wancan zamani sukan aika da gishiri da yadi da kuɗi tun da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma manomi ya fi buƙata, a kan alkawarin gyaɗa idan an cire. Kafin sauran masu saye su kafa sikelinsu a kasuwa, an riga an gama ciniki a gona. Wanda ya zo wa mutum ranar da yake cikin matsi, shi ake tunawa ranar da kaya suka samu.

Wannan tsari ba ya tafiya sai da amana, amanar kuwa ba a baki take ba. Yana soma gwada mutum da kaɗan. Wanda ya dawo da lissafi daidai, a ƙara masa a kaka mai zuwa, wanda ya ci amana kuma a rufe masa ƙofa. Da haka mutane da dama da suka soma a matsayin yaransa suka tsaya da ƙafafunsu, suka zama masu gidan kansu. Bai ɗauki girman yaronsa a matsayin barazana ba, domin duk wakilin da ya ƙara ƙarfi, ƙarin buhuna ne ke shigowa Sarari. Tallarsa mutanensa ne. Babu allon sanarwa, babu rediyo, sai labarin da ke bin kasuwanni cewa kuɗin Ɗantata ba sa makara.

Na biyu, bai yarda sana'a ɗaya ta riƙe masa wuya ba. Gyaɗa ta kaka ce, tana da watanninta. Bai saki goro ba, ya haɗa da shanu da yadi da kayan ado da hatsi, ta yadda wakilin da ya kai gishiri da tufafi ƙauye zai komo da gyaɗa, kuɗi kuma ba sa kwana banza. Amfanin haka ya fito fili bayan 1929, sa'ad da tattalin arzikin duniya ya karye, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, masu saye da yawa suka durƙushe. Shi ya tsaya.

Na uku, bai ji tsoron sabon abu ba idan ya ga amfaninsa. Da bankin Turawa na BBWA, wanda ya zama First Bank a yau, ya buɗe reshe a Kano, labarin da ya fi yaɗuwa a kansa shi ne cewa ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin, a lokacin da yawancin attajirai ke binne dukiyarsu a ɗaka. Ya ɗauki malaman lissafi, ya raba aljihunsa da na kasuwanci. Asusun Tata ne ya girma ya zama littafin shiga da fita.

Duk da wannan dukiya, waɗanda suka ba da labarinsa sun haɗu a kan cewa mutum ne mai tsimi, marar almubazzaranci a ci da sutura. Ya sauke farali a shekarun 1920, ya kuma biya wa wasu kuɗin zuwa Makka. Daga baya ya shiga majalisar Sarkin Kano a matsayin muryar 'yan kasuwa.

Inda tsarin ke da ƙaya

Ba daidai ba ne a ba da wannan tarihi kamar kowa ya ci riba daidai wa daida. Bashin da ake ba manomi da damina yana ɗaure shi ga mai saye ɗaya, kuma wanda ya ci bashi ba shi da bakin yin ciniki ranar awo. Farashi kuwa ba a Kano ake yanke shi ba. A kasuwannin Turai ake yanke shi, kamfanoni su cire nasu, babban dillali ya cire nasa, ƙananan wakilai su cire nasu, abin da ya rage shi ne na mai fartanya. Harajin da Turawa suka ce sai da kuɗinsu za a biya shi ma ya tura talaka ga noman gyaɗa ko yana so ko ba ya so.

Shi kansa Ɗantata ya daɗe a ƙarƙashin inuwar wasu. Shekara da shekaru yana tara kaya, amma fitar da su waje na hannun kamfanonin Turawa, ga kuma 'yan kasuwar Siriya da Labanan suna gogayya da shi a tsakiya. Sai bayan da gwamnati ta kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949 ƙofa ta soma buɗuwa, a farkon shekarun 1950 ya sami lasisin sayar wa hukumar kai tsaye da sunan kamfaninsa, Alhassan Dantata & Sons. Yana da shekara fiye da saba'in kafin ya fita daga matsayin wakilin wani. A waɗannan shekaru ne dalar gyaɗa, wato buhunan da ake jerawa su yi tsiri kamar dutse suna jiran jirgi, ta zama alamar Kano, kuma sunansa na cikin na farko da ake ambata idan an tuna ta.

Abin da ya rage

Mai sayen shinkafa a fadamun Kebbe, da mai tara albasa ko wake a kasuwannin ƙasar Tambuwal, da matar da ke sayar da ƙuliƙuli daga cikin gida ta hannun 'yar talla, duk suna fuskantar tambayoyin da Ɗantata ya fuskanta. Wa zai riga isa wurin mai kaya? Wa za a ba bashi, kuma nawa za a soma da shi? Me za a sayar idan kakar wannan kaya ta wuce? Ta wace hanya kaya za su isa da wuri ba su lalace ba? A zamaninsa amsar ita ce jirgin ruwa da dogo da banki. A yau wayar hannu ce, wadda ke kawo farashin Legas kafin a ɗaure buhu, da tura kuɗi ba tare da an ɗauke su a aljihu an bi hanya mai haɗari ba. Kayan aikin sun sauya, lissafin bai sauya ba. Tarihin yankin kansa gargaɗi ne: zangunan da suka dogara ga wucewar ayari sun zauna jiran baƙin da suka riga suka koma jirgi.

Dalar gyaɗa ma ba ta dawwama ba. Farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati daga noma, sun share ta daga filayen Kano. Gidan Ɗantata bai faɗi tare da ita ba, domin tun da wuri an koya wa 'ya'yan gidan kada su jingina da kaya ɗaya. Ahmadu ya riƙe kamfanin har rasuwarsa a 1960. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya yi suna a gyaɗa da sufuri. Aminu ya faɗaɗa harkar zuwa gine-gine da man fetur, ya rayu har 2025. Ta wajen Mariya 'yar Sanusi aka sami Aliko Ɗangote, wanda ya soma da ɗan jarin da ya samu a dangin mahaifiyarsa, kamar yadda wakilan kakan mahaifiyarsa suka soma.

Da ciwon ajali ya kama Alhassan a 1955, ya tara 'ya'yansa da mai kula da lissafin dukiyarsa, ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su yayyaga kamfanin, su riƙe zumunci, su kuma ci gaba da kula da mutanen da suka yi masa hidima. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, yana da shekara 78. An binne shi a gidansa na Sarari, cikin birnin Kano.